Ta Wace Fuska Ƙasa Ke Matse Dutsen Ɗan Issa?

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Issa ta gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan aka gano zinariyar, labari ya bazu, dubban matasa suka kwararo kowa da digarsa da igiyarsa, fili ya cika da ramuka kusa da kusa. Bayan abin ya faru an yi maganganun da suka kamata: talaucin da ke tura yaro cikin rami, rashin tsari, rashin tokare bango, da batun rufe wurin. Tambaya guda ce ba ta samu shiga ba, ita ce halin da dutsen yake ciki tun kafin diga ta taɓa shi. Dutsen ƙarƙashin ƙasa a matse yake dare da rana, kuma matsin ba ɗaya yake ta kowace fuska ba. Masana ilimin ƙasa suna da hanyar hasashen alkiblar wannan matsi daga motsin manyan faya-fayan da ɓawon duniya ya kasu a kansu. A ganina wannan lissafi ya cancanci a koyar da shi kuma a yi aiki da shi a jihar Maraɗi, duk da cewa a Ɗan Issa amsar da yake bayarwa ba guda ɗaya ba ce, kuma duk da cewa ba shi ne zai bayyana mutuwar Garin Liman ba. Amfaninsa yana wani wuri, kuma kafin a gan shi sai an bi maganar daki-daki.

Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Jibiya, mafi yawan tafiyarsa a kan rairayi ce da duwatsu masu laushi na kwarin Iullemmeden, wato ɓaraguzan da ruwa da iska suka jibge cikin miliyoyin shekaru. Sai an kusa iyaka tsohon dutsen gindi yake leƙowa, a bakin gulabe da wuraren da zaizaya ta kwashe ƙasar sama: ga fa mai tauri, ga wani mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, ga wani da farar jijiya ta ratsa. Wannan shi ne bakin arewa na babban dutsen gindin da ya shimfiɗu a Katsina da Zamfara da Kaduna har ƙasar Benin. Ya samu siffarsa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsofaffin ɓangarorin nahiyar suka yi karo suka tayar da tsaunukan da yanzu sun cinye har gindi. Karon ya murɗe dutsen, ya tsattsage shi, ya jera fallayensa galibi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin ya daskare a ciki, shi ne farar jijiyar da mahaƙa ke bi, kuma ta wannan fuska zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari ƴan gida ɗaya ne da ta kudancin Maraɗi. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun bi waɗannan duwatsu da kamfas da guduma, sun auna tsagoginsu, sun rubuta tarihinsu. Sai dai abin da kamfas ke karantawa a jikin fa matsin da ya wuce ne. Tun daga wancan zamani al'amura sun sauya: Kudancin Amurka ta ɓalle daga Afirka fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, Tekun Atlantika ya buɗe, ƙarfin da ya murɗe dutsen ya mutu. Tsagogin suna nan, amma wani ƙarfi dabam ne yake danna su a yau.

Ƙarfin nan kashi uku ne a kowane wuri cikin ƙasa. Na farko daga sama yake zuwa, nauyin abin da ke bisa ne kawai, kuma lissafinsa ba wuya: dutse mai tauri da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin tan 2.7, don haka a zurfin kilomita ɗaya kowane murabba'in mita yana ɗauke da tan 2,700. Sauran biyun a kwance suke, ɗaya ya fi ɗaya, kuma suna gicciye da juna. Tun 1905 wani masanin ƙasa na Sikotlan, E. M. Anderson, ya nuna cewa jerin girman waɗannan uku shi ke yanke yadda ƙasa za ta tsage. Idan na sama ya fi, ƙasa takan buɗe gefe guda ya zame ƙasa, kamar yadda ake gani a kwarin Habasha. Idan shi ne mafi ƙanƙanta, gefe guda yakan hau kan ɗaya, abin da ya tayar da tsaunukan Atlas ke nan. Idan yana tsakiya, ɓangarorin biyu sukan goga wa juna kafaɗa su wuce. Auna girman matsin kwance aiki ne mai tsada, amma alkiblar babbansa takan bar alama a wurare da yawa, shi ya sa ita ce ake zanawa a taswira. Ita ce kuma lissafin motsi yake ƙoƙarin hasashe.

Tushen lissafin tsoho ne. A ƙarni na 18 Leonhard Euler ya tabbatar da cewa duk wani ɓangare mai tauri da ya matsa a kan dunƙulalliyar ƙwallo, motsinsa juyawa ce a kewayen wani wuri guda. A 1967 da 1968 Dan McKenzie da Robert Parker, da Jason Morgan, da Xavier Le Pichon suka ɗora wannan ƙa'ida a kan duniya, aka ga ta zauna daram. Dokin da aka ɗaure a turke duk inda ya nufa kewaya turken yake yi, kuma wanda igiyarsa ta fi tsawo shi ya fi cin ƙasa. Haka kowane faifai biyu da ke maƙwabtaka suke da turke guda da ke bayyana motsin ɗaya idan an kwatanta shi da ɗayan. Da lambobi uku kacal, biyu na wurin turken ɗaya na saurin juyawa, ana iya faɗin alkibla da saurin motsi a kowane wuri a kan faifan. An samo lambobin ne daga layukan maganaɗisu da ke ƙasan teku, da alkiblar manyan tsagogin da suka yanka doron tsakiyar teku, wato tudun ƙasan teku inda faya-fayai ke rabuwa, da girgizar ƙasa, aka tattara su cikin samfurori irin su NUVEL-1 na 1990 da MORVEL na 2010, daga baya tashoshin GPS suka zo suka gaskata mafi yawansu. Daga nan muka san Atlantika ta kudu tana ƙara faɗi da kimanin santimita 3 a shekara, Afirka tana tunkarar Turai da ƴan milimitoci a shekara a yammacin Bahar Rum, gabashin nahiyar kuma yana janyewa daga sauranta da kimanin milimita 6 a shekara a Habasha.

Tsallakawa daga motsi zuwa matsi shi ne wurin da ake buƙatar hujja, domin faifan da ke tafiya lami lafiya ba dole ba ne ya matsu ta fuskar da yake tafiya. Hujjar farko daga awo ta fito. A 1986 aka fara aikin Taswirar Matsi ta Duniya ƙarƙashin jagorancin Mary Lou Zoback, kuma a 1992 ta fitar da sakamakon bayanai fiye da 7,000. Abin da ya bayyana ya ba mutane mamaki: a gabashin Arewacin Amurka, cikin dubban kilomitoci, babban matsin kwance yana bin alkibla kusan guda, gabas maso arewa, wadda ta dace da turin da doron Atlantika ke yi, a yammacin Turai kuma yana bin arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Ashe ƙarfin da ke aiki a bakin faifai yana ratsawa har can ciki. A 1998 Shimon Wdowinski ya mayar da wannan ƙa'ida mai sauƙi. Inda iyakar faifai ke turowa ciki, matsin yakan bi zoben da ke kewaye turke. Inda take janyewa waje, yakan bi layin da ya miƙe zuwa turken. Inda take gogawa ta gefe, yakan ratsa tsakanin biyun da kusurwar digiri 45. A 2023 Tobias Stephan da abokan aikinsa suka gwada ƙa'idar da bayanan taswirar a iyakoki daban-daban, suka kuma saki manhajar lissafin kyauta da sunan tectonicr. Ɗalibin da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, idan yana da kwamfuta da intanet, zai iya sa lambobin Ɗan Issa ya ga abin da za ta ce masa cikin yini guda.

Abin da za ta ce masa kuwa ya danganta da iyakar da ya zaɓa, kuma a nan ne maganar ta yi armashi. Faifan Afirka dabam yake da sauran: ta yamma da kudu da gabas doron teku ne ya kewaye shi, ta arewa kawai yake karo da wani. Turken da ke tsakanin Afirka da Kudancin Amurka yana can arewacin Atlantika, kusa da kudancin Girinlan. Zoben da ya kewaye shi ya ratsa Ɗan Issa yana tafiya ne daga yamma maso kudu zuwa gabas maso arewa, wajen digiri 65 zuwa 70 daga arewa. Idan turin Atlantika ne ke mulki a nan, alkiblar ke nan. Turken da ke tsakanin Afirka da Turai kuma yana cikin Atlantika yamma da nahiyar, samfurori sun saɓa a kan ainihin wurinsa, amma zobensa a Ɗan Issa yana kusa da kudu-arewa, ya ɗan karkata gabas ko yamma gwargwadon samfurin da aka ɗauka. Tsakanin amsa ta farko da ta biyu akwai tazara babba. Ga kuma kwarin gabashin Afirka da nasa jan. Doron Atlantika, da tsaunukan arewacin Aljeriya, da kwarin gabas, kowannensu ya haura kilomita 2,000 daga Ɗan Issa, ba wanda ya fi kusa da tazarar da za ta raba gardama. A 1994 David Coblentz da Mike Sandiford sun lissafa faifan Afirka gaba ɗaya, suka nuna cewa turin doron teku yana matse ƙasashe masu kwari, yayin da tuddai masu tsayi irin na Habasha da kudancin Afirka suke neman bazuwa saboda nauyin kansu. Yankin Maraɗi a kwari yake, don haka na fi karkata ga cewa turin Atlantika ne ya fi ƙarfi a nan. Amma wannan karkata ce ta hankali, kuma a taswirar duniya, wadda fitowarta ta 2016 ta ƙunshi bayanai 42,870, Afirka ta Yamma kusan fara fat take.

Mai musu na farko zai ce ai ƙasarmu ba ta girgiza, me ya kawo zancen matsi. Gaskiya ne kudancin Nijar yana cikin wuraren da suka fi natsuwa a duniya, kuma babu dalilin tsorata mutanen Madarunfa da irin abin da ya sami Maroko ranar 8 ga Satumba 2023, inda girgiza mai maki 6.8 ta kashe kusan mutum 3,000. Can bakin karo ne, nan tsakiyar faifai. Sai dai natsuwa tana nufin ƙasa tana lanƙwasa a hankali ƙwarai, ba ta nufin ba a matse take ba. Akara ta girgiza a watan Yunin 1939 mutum 17 suka mutu, arewa maso yammacin Gini ta girgiza a watan Disambar 1983 ɗaruruwa suka hallaka, dukansu nesa da bakin faifai. Kusa da mu, mutanen Kwoi a jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a watan Satumbar 2016, na Mpape a Abuja a watan Satumbar 2018. Masana da dama suna danganta irin waɗannan da tsofaffin tsagogi da matsin yau ke tayarwa. Ko tsaga za ta farka ko za ta ci gaba da kwanciya, kusurwar da ke tsakaninta da babban matsi ce ke da babban kaso a hukuncin: wadda matsi ya faɗo mata a tsaye ƙara rufewa take yi, wadda ya zo mata a karkace da wajen digiri 30 ita ce ta fi saurin zamewa. Tsagogin kudancin Maraɗi da suka nufi arewa maso gabas, ma'anarsu ta sauya ke nan gwargwadon wace amsa ce ta gaskiya cikin biyun can.

Mai musu na biyu ya fi na farko hujja, kuma dole a ba shi gaskiyarsa. Zai ce ba turin Atlantika ne ya danne mutanen Garin Liman ba. Haka ne. A ramin gargajiya, cikin ruɓaɓɓen dutse da laka da tsakuwa, matsin da ya taso daga nesa ya riga ya saki, domin ƙasar da ta ruɓe ba ta iya riƙe shi. Abin da ke kisa a can nauyi ne. Ƙasar sama tana kai wajen tan 2 a kowane mita, don haka mutumin da ke durƙushe a zurfin mita 20 yana da tan 40 a kan kowane murabba'in mita na rufin da ke bisa kansa. Idan ya bi jijiya ya yi gefe, maƙwabcinsa ma ya biyo ta daga nasa ramin, ginshiƙin ƙasar da ke tsakaninsu yana sirancewa da kowane buhun da aka ja da igiya, nauyin da aka ɗauke wa wurin da aka haƙe kuma kansa yake komawa. Ruwan damina ya shiga ya tausasa laka, fallayen dutse su zame a kan juna. Maganin wannan tazara ce tsakanin ramuka, da itacen tokara, da barin ginshiƙi, da mai sa ido wanda ake jin maganarsa. Duk wanda ya zo da taswirar faya-fayai ya ce ita ce za ta hana irin wannan mutuwa, ya yaudari mutane. Amma haƙar da ta yi albarka ba ta tsayawa a mita 20. Da zarar an wuce ruɓaɓɓen dutse an shiga mai rai, al'amarin yakan juye: awon da aka yi a tsofaffin duwatsun Kanada da Sikandinebiya da Ostiraliya ya nuna sau da yawa matsin kwance ya fi na sama. Tun 1898 injiniyan Jamus Ernst Kirsch ya lissafa cewa rami mai da'ira yana tara matsi a bakinsa har ninki uku idan ta fuska guda ake danna shi. Saboda haka hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a gicciye da babban matsi ta fi wadda ta bi shi shan wahala, kuma manyan ma'adinai irin na Obuasi a Gana da Mponeng a Afirka ta Kudu, wanda ya kusa kilomita 4, ba sa yanke alkiblar hanya sai sun auna. Ranar da aka ba wani kamfani izinin nutsawa a kudancin Maraɗi, jami'in da zai duba takardunsa yana buƙatar sanin abin da zai tambaya.

Inda na fi ganin amfanin maganar ga talaka shi ne ruwa. A arewacin jihar, inda dutsen rairayi yake da kauri, ruwa yana kwance cikin ƙofofin dutsen, foraj, wato rijiyar burtsatse, yakan same shi idan ya kai zurfin. A kan dutsen gindi ba haka ba ne. Dutsen kansa ba ya shan ruwa, sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a nan ta yi ambaliya, a matsa ƴan taku a haƙa wata ta tashi da ƙura. Kuɗin busasshiyar rijiya kuwa ƙauye ne ko ƙaramar hukuma ke asararsa, matan da ke tafiya da jarka su ci gaba da tafiya. A 1995 Colleen Barton da Mark Zoback da Daniel Moos sun duba tsagogi a rijiyoyi masu zurfi a Amurka, suka gano cewa waɗanda ke ɗauke da ruwa galibi su ne waɗanda matsin yau ya sa a bakin zamewa, sauran kuwa a toshe suke. Idan haka abin yake a nan, mai neman ruwa da ya ga layukan tsaga biyu a hoton tauraron ɗan'adam yana da dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya. Dole a yi taka-tsantsan, domin rijiyoyin ƙauye ba su kai zurfin waɗancan ba, kuma a kusa da sama kaurin ruɓaɓɓen dutse yakan fi komai tasiri. Sai dai gwada zancen ba shi da tsada. Kowane foraj da aka haƙa yana da takarda: wurinsa, zurfin da aka ci karo da ruwa, lita nawa yake bayarwa a awa. A tara takardun gundumar Madarunfa da na Jibiya, har da na rijiyoyin da suka bushe, waɗanda su ne aka fi mantawa, a jera su da alkiblar tsagar da ta fi kusa da kowanne. Idan wata alkibla ta fi ba da ruwa, za ta fito fili.

Musu na uku daga masana kansu yake fitowa. Za su ce lissafin da ke ba da amsa biyu ko uku a wuri guda bai faɗi komai ba, kuma ƙa'idar Wdowinski don yankunan da ke kusa da iyaka aka yi ta. Za su kawo Ostiraliya, faifan da ke gudu arewa da kimanin santimita 7 a shekara amma matsinsa yana jujjuyawa daga yanki zuwa yanki, bai bi alkiblar tafiyar ba. Za su ƙara da cewa kewayenmu ma akwai abubuwan da za su iya karkatar da matsi: tuddan Ahaggar da Ayar a arewa, tudun Jos da layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru a kudu, da bambancin kaurin ɓawo tsakanin dutsen gindi da kwarin da ke gefensa. Duk wannan daidai ne. Amsata ita ce awo ɗaya tilo, ba tare da hasashen da za a gwada shi da shi ba, lamba ce kawai. Idan aka auna a Ɗan Issa aka sami digiri 70, an san Atlantika ce ke magana, kuma ana iya tsammanin kusan haka a Katsina da Gusau. Idan aka sami kudu-arewa, karon Bahar Rum ya ratso Sahara ke nan. Idan aka sami abin da bai dace da ko ɗaya ba, to akwai wani ƙarfi na gida da ya kamata a nemo. Haka aka yi a Kalifoniya: ana tsammanin matsi zai zo wa tsagar San Andreas a karkace, sai bayanan rijiyoyin mai da na girgiza suka nuna a 1987 cewa a tsakiyar jihar kusan a tsaye yake faɗo mata. Wannan saɓani ne ya sa aka gane tsagar ta fi yadda ake zato santsi, har aka haƙa rijiyar bincike cikinta a Parkfield. Ostiraliya ma da aka haɗa turin Himalaya da na Sabuwar Gini da na Niyu Zilan cikin lissafi guda, yawancin jujjuyawar ta sami bayani.

Saura batun kuɗi, wanda a ƙasar da ke fama da tsaro da abinci ba a raina shi. Ba kowane aiki ne ke buƙatar wannan sani ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, a saman ƙasa zai bi, damuwarsa zaizaya ce da ambaliya. Kuma ba wanda ke cewa a haƙa rijiyar bincike ta biliyoyi. Hanyar awo mafi arha ta dogara ne da ramukan da aka riga aka haƙa. A 1979 Sebastian Bell da Ian Gough suka lura cewa rijiyoyin mai na Alberta a Kanada ba sa zama da'ira: bango yakan ɓarɓashe ta gefe biyu masu kallon juna, ramin ya yi tsawo ta fuska guda, kuma fuskar ba ta sauyawa daga rijiya zuwa rijiya. Lissafin Kirsch ne ke aiki. Ɓarɓashin yana faruwa ne a gicciye da babban matsi, don haka na'ura mai hannu huɗu da ake zurawa don auna faɗin rijiya tana rubuta alkiblar matsi ko da ba don haka aka zura ta ba. A Agadem, tun yarjejeniyar 2008 da kamfanin CNPC, an haƙa rijiyoyi masu yawa waɗanda suka ciyar da matatar Damagaram daga 2011, suka kuma cika bututun kusan kilomita 2,000 da ya fara kai mai gaɓar Benin a 2024. Irin wannan awo aikin yau da kullum ne a haƙar mai. A Arlit an shafe shekaru fiye da 40 ana haƙar yuraniyom ƙarƙashin ƙasa a Akuta, a zurfin mita 250, kafin a rufe a watan Maris na 2021. Agadem tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Ɗan Issa, kuma kwari ne mai tarihin kansa, amma alkibla goma sahihai daga can, da wasu daga rijiyoyin Kolmani da na tafkin Cadi a Najeriya, za su nuna ko Atlantika ce ko Bahar Rum ke rinjaye a tsakiyar yankin. Alkiblar matsi ba ta tona asirin yawan man kowa, don haka ba na ganin hujjar ɓoye ta, kuma hukuma tana iya sanya miƙa ta cikin sharuɗɗan lasisi.

Hanya ta biyu ita ce sauraron ƙananan girgizar da mutum ba ya ji. Idan tsaga ta zame, tashoshin da ke wasu fuskoki sukan ji motsin farko ya tura su sama, na wasu fuskokin ya ja su ƙasa, kuma daga wannan rabo ake gane yadda ta zame da alkiblar da aka danna ta. Sharaɗin shi ne tashoshi su kewaye wurin. Nijar tana da tasha mai inganci a Torodi, cikin jerin na hukumar sa ido kan gwajin makaman nukiliya da ke Biyana, Najeriya kuma tana da cibiyar Toro a jihar Bauci da ƴan tashoshinta. Torodi tana da nisan kimanin kilomita 600 yamma da Ɗan Issa, kuma tasha mai wannan nisa ba ta isa ta fayyace ƙaramar girgiza ita kaɗai. Na'urori biyar ko shida masu aiki da hasken rana, a dasa su a kan fa a ɓangarorin iyakar biyu na tsawon shekaru biyu ko uku, aiki ne da jami'ar Maraɗi da Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ta Katsina da ta Ahmadu Bello ta Zariya za su iya ɗauka tare, tunda dutsen guda ne daga nan har can. Taswirar duniya, wadda cibiyar GFZ ta Potsdam a Jamus ke kula da ita tun 2009, tana karɓar bayani daga kowa, tana kuma ba shi daraja gwargwadon ingancinsa: wanda kuskurensa bai wuce digiri 15 ba shi ne na farko, mai digiri 25 na uku. Tazarar da ke tsakanin amsar Atlantika da ta Bahar Rum a Ɗan Issa ta kai digiri 45 ko fiye, don haka ko bayanai masu daraja ta uku, idan suka kai biyar ko shida kuma suka yi daidai da juna, sun isa su nuna wadda ta fi kusa da gaskiya.